Ranar da na ɗaga waya a kan wani dattijo mai yawo da kare a Ikeja

Likita ne ya ɗora mini tafiyar ƙafa saboda hawan jini. A Agege muke zaune, shagona na gyaran waya kuma yana Ikeja, don haka ranar Asabar nakan yi sammako in sauka wajen GRA, inda layuka suke da faɗi da inuwar bishiyoyi, ba hayaniyar motocin haya na danfo, in zaga kamar minti 40 kafin in buɗe shago. Wani lokaci nakan tafi da 'yata mai shekara shida, don a unguwarmu babu filin da yaro zai yi gudu ba tare da gabanka yana faɗuwa ba.

Wanda ya san layukan nan da safe ya san ba mu kaɗai ba ne. Akwai masu gudu da abin jin sauti a kunne, akwai tsofaffin ma'aikata masu tafiya a hankali, akwai kuma karnuka. Yawancinsu ba masu su ne ke riƙe da su ba. Yaran gida ne da masu gadi, kuma da yawa daga cikin masu gadin nan namu ne, mutanen Arewa da Nijar.

Ranar da abin ya faru, yarinyar tana gabana da ɗan taku, tana tsallake layin kwalta ɗaya bayan ɗaya. Sai wani ƙaton kare baƙi da ruwan ƙasa, irin na 'yan sanda, ya ɓullo daga kwana. Igiyarsa doguwa ce ƙwarai, mai riƙe da shi kuma yana can baya, bai ma shawo kwanar ba. Yarinya ta ƙwalla ihu ta juya da gudu, kare ya bi ta ya dafa mata baya da ƙafafun gaba, ta faɗi. Kafin in isa, mutumin ya fizgo igiyar da ƙarfi har shi ma ya durƙusa.

Abin da na yi bayan nan shi ne abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ɗaga ta, na ga ba cizo, sai gwiwa da ta goge da wani ɗan karce a dantse. Maimakon in rungume ta mu nemi ruwa, sai na zaro waya na kunna bidiyo na sa a fuskar mutumin. Dattijo ne, gemunsa ya yi furfura, da hular sanyi da silifa. Ina masa faɗa da Turancin Buroka, sai ya amsa mini da Hausa.

"Ɗana, don girman Allah ka sauke wayar nan. Na yi laifi, ka yi mini faɗa, amma kar ka ɗauke ni."

Na ji shi sarai. Ban sauke ba. Ya sa tafin hannu yana kare fuska, ɗayan hannun yana fama da igiya, 'yata kuma tana riƙe da wandona tana kuka. Kafin azahar na tura bidiyon a guruf biyu na WhatsApp, na 'yan kasuwarmu da na 'yan garinmu mazauna Legas, na rubuta cewa a yi hattara da wannan mutumin.

A asibiti ne hankalina ya fara dawowa. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko na wanke wurin, na ce a'a. Ta ce abu na farko da ake yi wa cizo ko karcen kare shi ne a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, tun kafin a nemi mota. Ni kuwa mintunan nan a bidiyo na ɓatar da su. Likita ya ce ciwon haukan kare ba abin wasa ba ne: idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum wajen 59,000 yake kashewa duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ake ɗauka. Ya fara mata allurar rigakafi a ranar, ya rubuta mana ranakun da za mu dawo. Sannan ya ce in je in nemi katin allurar karen, kuma a sa masa ido na kwana goma a ga ko zai canza.

To, wa zai nuna mini kati? Wa zai gaya mini halin da kare yake ciki bayan kwana goma? Mutumin da na gama tozartawa.

Na koma layin ranar Litinin. Mai shayin da ke bakin kwana ya gane ni tun daga nesa, bai ko amsa gaisuwata da kyau ba. Shi ya ba ni labarin. Bidiyon ya fita daga guruf ɗinmu ya shiga Facebook, wani ya ƙara masa rubutu cewa kare ya yayyaga yarinya, abin da bai faru ba. Ya kai hannun matar gidan da dattijon yake gadi, ta dakatar da shi daga aiki, ta ce ya jawo musu magana. Ya kuma kai garinsu. Shekara da shekaru iyalinsa sun san gadi yake yi a Ikko, ba wanda ya san yana fita da kare da asuba. Yana da 'ya da aka sa wa ranar aure, sai ga dangin miji suna tura wa juna hoton surukinsu durƙushe a titi da igiyar kare a hannu.

Wanda ba Bahaushe ba zai yi wuya ya gane girman wannan. Mu mun taso muna jifan kare, muna tattare riga in ya gifta. A ce da mutum "mai yawo da kare" ba ƙaramin abin gori ba ne a ƙauye. Na kai maganar wurin limamin masallacinmu, ya saurare ni har na gama, sannan ya tuna mini abin da na karanta tun ina yaro na manta: a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai bin umarni ne na ibada. Shafi'iyya ne suka tsananta a kan yawunsa. Hadisi kuma ya yi rangwame ga karen farauta da na kiwo da na gona, maharbanmu ma da karnukansu suke shiga daji. Ya ce, "Malam, bawan Allah yana neman halalinsa. Kai kuma ka tona masa abin da ya rufe. Je ka same shi."

Ba wai na janye ƙorafina ba ne, ina so a fahimce ni a nan. Titi na kowa ne. Kare mai wannan girma bai kamata ya riga mai riƙe da shi shan kwana ba, kuma bai kamata a fito da shi inda yara suke ba takunkumi. Masu karnuka da yawa a Legas suna son cewa "ai ba ya cizo", alhali uwar da ɗanta ya firgita ba ta da hanyar sanin haka, kuma firgitar kanta cuta ce. 'Yata ta yi makonni tana farkawa cikin dare. Amma wa ya sayi doguwar igiyar? Wa ya ƙi sayen takunkumi? Wa yake kwance a ɗaki mai sanyi lokacin da tsoho ɗan shekara sittin da wani abu yake kokawa da dabbar da ta kusa fin shi ƙarfi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Fuskar mai karen ba ta fito a bidiyona ba ko sau ɗaya.

Abin da ya ƙara kunyata ni, na san zafin abin tun da farko. Wata Sallah mun je filin shaƙatawa na Johnson Jakande Tinubu da ke Alausa, wani saurayi mai babbar kyamara ya tsuguna yana ɗaukar 'yata da hijabinta da ƙunshinta ba tare da ya ce mini uffan ba. Na tsaya a kansa sai da ya goge. Na ce masa yarinya ba furen kallo ba ce. Ga shi ni da nake gyaran waya kullum, na fi kowa sanin cewa abin da ya fita daga waya ɗaya ba ya komowa. Wani lauya da nake yi wa gyara ya yi mini zancen sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 da ya kare sirrin ɗan ƙasa, da dokar kare bayanan mutane ta 2023, ya ce hoton da ake gane mutum da shi yana cikin bayanansa. Na saurara, amma ba tsoron kotu ne ya hana ni barci ba, muryar nan ce mai cewa "ɗana".

Mai shayi ya raka ni inda yake kwana, wani kango da masu gadi suke haɗuwa. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, na zo neman gafara." Ya daɗe bai ce komai ba, yana jan carbi. Da ya buɗe baki, tambayar farko da ya yi ita ce, "Yaya jikin jikata?"

Washegari muka je gidan tare. Na ce wa matar gidan ni na ɗauki bidiyon, kuma abin da aka rubuta a kai ƙarya ne. Na nemi abu uku: katin allura, gajeriyar igiya da takunkumi, da a mayar da Baba bakin aikinsa. Katin ya nuna an yi wa karen allura a cikin shekarar, kwana goma kuma suka wuce yana lafiya. Ta biya kuɗin asibiti ba gardama. Mayar da shi aiki ne ya ɗauki kusan wata guda, sai da na yi sawu huɗu. Na kuma yi saƙon murya na tura guruf ɗin nan biyu, na faɗi abin da ya faru daidai, na roƙi duk wanda ya tura ya goge. Mutum nawa suka saurara? Ba su kai rabin waɗanda suka kalli bidiyon ba. Na kira ƙanin Baba a gida na yi masa bayani da bakina, shi ya shiga tsakani da dangin mijin.

Har yanzu ina zagayen Asabar. In na hango kare, nakan kama hannun yarinyar mu tsaya cak a gefe, don na koya mata cewa gudu ne ke sa shi bi. In igiyar ta yi tsawo, nakan yi wa mai riƙe da ita magana, in kuma na ga ba shi da iko, in tambayi lambar gidan in kai kuka ga ƙungiyar mazauna layin. Sau ɗaya na ɗauki hoton wani kare da aka saki ba igiya, karen kaɗai da ƙofar da ya fito, na nuna wa shugaban layin, ban tura wa kowa ba.

Ana saura mako biyu bikin 'yarsa, na tarar da Baba a bakin get ranar Juma'a, ya sha farar shadda da hula zanna, zai tafi masallaci. Ya miƙo mini 'yar wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya gyara tsayuwa a jikin bishiyar mangwaro, ya share gemu da tafin hannu.

"Kai da ka iya ɗauka," in ji shi, "ɗauke ni guda ɗaya mai kyau, in aika musu gida."