Saƙon Baba Zuwa Damagaram

Shekaranjiya na dawo Kano daga Damagaram, har yanzu in na rufe ido duwatsun Birni nake gani. Kwana shida na yi. Baba ne ya aike ni, ana jibi jirginsu zai tashi zuwa Alƙahira inda za a yi masa aikin zuciya.

Wata uku da suka wuce ya fara tsayawa a hanyar masallaci yana dafe ƙirji, in an tambaye shi ya ce tuwon dare ne ya tsaya masa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa aka zura masa siririn bututu ta hannu aka ɗauki hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, aka ga uku sun toshe. Ga ciwon suga da ya daɗe yana fama da shi. Likita ya ce ɗan ƙarfen nan da ake sakawa a buɗe jijiya ba zai wadatar ba, sai an buɗe ƙirji. Muka sayar da fili, 'yan'uwa suka kawo gudummawa, kuɗin ya isa mutum biyu kacal: Baba da Yaya. Ni aka bari. Na daina barci. Kullum ƙarfe biyun dare ina riƙe da waya ina karanta abin da ke kashe mutane a ɗakin tiyata, da safe in fito idona jajur, Umma ta dube ni ta kau da kai.

Ranar Asabar bayan isha'i Baba ya kira ni ɗakinsa, ya miƙo mini ambulan. Ya ce, "Gobe ka kama hanyar Damagaram wurin Gwaggonka. Babbar ya ba a faɗa mata irin wannan magana a waya, zumunci a ƙafa yake. Ka ce mata ina neman gafara. Wannan kuma kuɗin wani baduku ne a unguwar Zango, ta san gidan. Kada ka dawo sai an gama aikin." Na ce, "Baba, ko filin jirgi ba zan raka ku ba?" Ya ce in yi abin da aka sa ni.

Daga Kano zuwa Damagaram bai wuce kilomita 240 da 'yan kai ba, ta Kazaure da Daura, a ƙetara iyaka a Kwangwalam a faɗa Ɗan Barto. Amma yini guda muka yi, saboda shingaye. A ɗaya daga ciki wani ma'aikaci ya karɓi takarduna, ya jujjuya, ya jefa su cikin aljihun tebur ya ci gaba da shan shayinsa. Na tsaya a rana kusan awa ɗaya. Da na ce masa, "Ranka ya daɗe, mahaifina ba shi da lafiya, saƙo zan kai," ko ɗago kai bai yi ba, ya ce duk wanda ya zo nan ubansa ba lafiya. Maganar nan ta ƙona mini rai fiye da kuɗin da ya karɓa daga baya. Wata tsohuwa mai buhun barkono da muke mota ɗaya ce ta sauko, ta tsaya a kansa ta ce, "Kai yaro, kai ba ka da uba ne?" Sai ga takardu sun fito. Har Matamaye tana ba ni goro tana tambayata ciwon Baba, ko sunanta ban sani ba.

A bakin iyaka na yi canji, nan na ga yadda naira ta koma. Na miƙa damin kuɗi mai kauri, aka ba ni 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba. Jika ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, yanzu ta haura naira dubu biyu, alhali shekara goma sha biyu da suka wuce ba ta kai ɗari huɗu ba. Ga kuma lissafin dala, wanda ya ruɗa ni kwana biyu: sefa biyar ita ce dala ɗaya, in mai shayi ya ce dala ashirin, sefa ɗari yake nufi.

Bayan Takeita muka hau babbar hanyar da ta taso daga Yamai. Da muka iso Tirmini direba ya nuna fili da haɓa ya ce nan Sarki Amadu Kuran Daga ya gwabza da Faransawa a 1899. Rana ta yi ja muka shiga gari.

Gidan Gwaggo yana cikin Birni, tsohon garin, inda lunguna suke da ƙunci kamar na Kurmi ko Ɗandago a wurinmu, sai dai nan duwatsu manya-manya suna zaune tsakanin gidaje, wani wurin ma dutse ne bangon gida. Ɗan kabu-kabu, wato ɗan acaɓarsu, ya sauke ni a ƙofar zaure mai zane a goshi. Rabona da ita tun ina aji uku a firamare. Ta haura saba'in, idonta ya yi rauni, amma da na yi sallama ta ce, "Wannan muryar Auta ce." Baba take nufi. Shi ne ƙaraminsu, ya bar garin lokacin farin 1984 ya zo Kano neman abinci, ya zauna.

Duk hanya ina shirya yadda zan faɗa mata. Ba ta bar ni ba. Sai da na sha fura, na yi salla, na ci tuwon hatsi da miyar kuka, sannan ta ce, "To ɗana, faɗi abin da ya kawo ka. Auta ba ya aiko ɗa don gaisuwa." Na faɗa. Ta yi shiru mai tsawo tana murza carbi. Ta tambayi ranar, na ce Alhamis. Da na isar da neman gafarar, ta ce, "Ni na goya shi. Me zai yi mini da ban yafe ba tun kafin ya yi?" A nan ne kukan da na riƙe wata uku ya ƙwace mini. Ba ta ce in yi shiru ba, ta dai ɗora hannu a kaina har na gama.

Washegari ta tura ni wurin maƙwabcinta, wani dattijo da ya yi shekaru yana aikin jinya, duk unguwa likita suke ce masa. Wannan zaman shi ya fi komai amfani a tafiyar. Ya saurare ni, ya ce in ajiye wayar nan. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana zuciya da tsinke, ya ja layi uku a kanta. Ya ce zuciya tana tura jini ga duk jiki, amma ita ma tana da nata hanyoyin abinci, kitse ne ke taruwa a cikinsu har su ƙuntace. Ba za a cire zuciyar ba, ba za a ma yashe toshewar ba. Ratse za a yi mata, kamar yadda direba ke yi in gada ta karye. Za a ɗauko jijiya daga cikin ƙirjin Baba, a zaro wata daga ƙafa, a ɗinka su gaba da inda ya toshe, jini ya bi sabuwar hanya. Za a raba ƙashin ƙirji a tsakiya, yawanci a tsayar da zuciyar na ɗan lokaci wata na'ura ta riƙe aikinta da na huhu, in an gama a ɗaure ƙashin da waya. Da ya ce a tsayar da zuciya gabana ya faɗi, ya lura, ya ce tun 1967 da wani likita ɗan Ajantina, René Favaloro, ya kafa wannan hanya a Amurka ake yin ta kullum a duniya, kuma in an shirya aikin ba na gaggawa ba ne, waɗanda ba sa tashi ba su wuce biyu ko uku cikin ɗari ba. Bai ce babu haɗari ba, wannan ya sa na yarda da shi. Ya ƙara da abin da ya cece ni daga baya: aikin kan ɗauki awa uku zuwa shida, in an daɗe kada in ɗauka ɓaci ne, kuma in aka turo hotonsa da bututu a baki, fuska a kumbure, haka kowa yake fitowa.

A Kano mun biya kuɗi masu yawa mun ga manyan likitoci, babu wanda ya zauna da mu minti goma. Ban zarge su ba, layi ya yi musu yawa. Amma da an zana mini wannan a takarda tun farko, da na samu barcin wata uku.

Garin ya ba ni mamaki ta fuska biyu. Na farko ruwa. Mu ma muna kuka da shi, amma na Damagaram daban ne, garin a kan dutse yake zaune. Tun asuba 'yan ga-ruwa ke tura kura cike da jarkoki, kuma Gwaggo ba ta zubar da ruwan alwala, a kwano take tara shi ta ba bishiyar lalle. Na ji kunyar bokiti biyun da nake wanka da su a gida. Na biyu natsuwa. Ba hon, ba zagi a titi, gaisuwa kuma sai ka ce ba za ta ƙare ba: ina lahiya, ina gida, ina sanyi, ina tahiya. Jikan Gwaggo ya zagaya da ni ƙofar fadar Sarki da ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya gina, yana faɗa mini da alfahari cewa nan ne babban birnin ƙasar kafin a mai da shi Yamai a 1926. Na duba, amma hankalina yana Alƙahira. Burodinsu dogo mai ɓawo ya fi namu daɗi da shayi, kilishinsu kuma ya yi mini tsada in na juya kuɗin zuwa naira, har na daina juyawa.

Ranar Talata muka je Zango neman badukun. Ya rasu shekara tara da suka wuce. Ɗansa muka tarar a rumfar, zaune cikin jajayen fatu da warin jima, yana huda da basilla. Na yi bayani: fiye da shekara talatin baya Baba ya karɓi jakunkuna da matasan fata zai sayar a Kurmi, ciniki ya karye, bai ƙarasa biya ba, kunya ta hana shi dawowa. Mutumin ya ce bai taɓa jin mahaifinsa ya ambaci bashin ba. Ya ƙi karɓa. Na ce in na koma da ambulan ɗin nan Baba ba zai shiga ɗakin tiyata da kwanciyar hankali ba. Sai ya karɓa, ya ƙirga, ya ce zai raba wa magada haƙƙinsu, nasa kason kuma a sayi hatsi a kai makarantar allo ranar Alhamis da sunan mai jinya. Na ce zan sayi takalmi wa Baba. Ya ce jika shida, na taya huɗu don kada a ce Bakano bai yi ciniki ba, muka daidaita a biyar. Da na ambata cewa za a zaro jijiya daga ƙafa kuma dattijon nan ya ce takan kumbura na makonni, sai ya karɓe takalmin ya ce in dawo jibi. Ya sake maɗaurin, ya yi masa ramuka uku yadda za a iya sassautawa, bai ƙara ko dala ba.

Alhamis ita ce ranar babbar kasuwar garin. Alƙahira tana gabanmu da awa ɗaya, don haka ƙarfe bakwai na safe saƙon Yaya ya shigo WhatsApp: an shiga da shi. Na so in kulle kaina a ɗaki. Gwaggo ta hana. Ta ce in ɗebo ruwa. Na ɗebo, ta ce in kai ƙosan sadaka ƙofar masallaci. Na dawo, ta ce in zauna in karanta mata Yasin, idonta ba ya gani. Na gama, ta aike ni kasuwa sayen kanwa da daddawa, abin da na ga tana da shi a ƙwarya. Na ratsa cikin raƙuma da amalanken shanu da Buzaye masu rawani, wayar tana hannuna tana jiƙewa da gumi duk da sanyin hunturu. Awa huɗu ta cika, shiru. Biyar, shiru. Na kira Yaya bai ɗauka ba, ƙafafuna suka yi sanyi, na zauna a bakin wata rumfa ina maimaita wa kaina uku zuwa shida, uku zuwa shida. Mai rumfar bai tambaye ni komai ba, ya turo mini buta da tabarma don an kira azahar.

Ina sallamewa saƙon murya ya shigo. Sakan goma sha ɗaya. Yaya yana haki ya ce an fito, ratse uku aka yi, zuciya ta tashi da kanta, yana ɗakin kulawa ta musamman. Ban san yadda na iso Birni ba. Gwaggo tana zaune inda na bar ta. Ta saurara sau biyu, ta yi sujada a kan tabarmar, da ta ɗago na ga carbin ya bar shaida a tafin hannunta saboda matsa. Ashe duk aiken nan da take mini ita ma a tsorace take.

Da dare hoton ya zo, bututu a baki, fuska a kumbure. Na duba ban firgita ba. Juma'a da safe aka cire bututun. Yaya ya ce maganar farko da Baba ya yi da dasasshiyar murya ita ce, "An kai wa mutumin kuɗinsa?"

Asabar na taso. Gwaggo ta cika mini jaka da hatsi da kuka da ƙullin lalle na Umma. Shingayen suna nan yadda na bar su, mutumin shayin dai ban gan shi ba. Mun iso Kano bayan magariba.

Jiya Baba ya taka ƙafa a barandar asibiti, rungume da filo a ƙirji saboda tari. An ce nan da mako biyu za su iya hawa jirgi, ƙashin kuma sai ya samu kamar wata biyu kafin ya haɗe, ba tuƙi, ba ɗaukar kaya. Takalmin yana ɗakinsa a gindin gado, na sa maɗaurin a rami na ƙarshe.