Abin da Tsofaffin Tufafi Suka Koya Mini a Kan Keken Ɗinki

A Jidda nake ɗinki, a ɗaki guda cikin gidanmu, kuma kusan duk yadin da almakashina ke ci wani ya riga ya sa shi. Farar jallabiyar maza wadda wuyanta ya dafe, baƙar abaya da duwatsun hannunta suka zube, hirami mai ja da fari, zanen atamfa da wata Hajiya ta bari don jakarta ta wuce nauyin da jirgi ya yarda da shi, sai kuma harami. Wasu a Harajin Sawarikh nake tsinto su, can kudancin gari inda ake zube gwanjo tuli-tuli. Wasu kuma 'yan'uwa ne ke aiko mini daga Makka idan alhazai sun watse. Ba rage tsawo ko sake maɓalli nake yi ba. Farke rigar nake yi har ta koma ƙyallaye, sannan in fitar da wata wadda mai tsohuwar ma ba zai gane ta ba.

Wurin Goggona na koyi riƙe allura. Iyayenta da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa, suka zauna kusa da Mai Wurno, garin da mutanen Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903. Sun yi shekaru suna aikin auduga a yankin Jazira na Sudan don tara guzuri kafin su ƙetaro Bahar Maliya. A gidansu ba a yar da tsumma. Ita ce ta fara ba ni labarin jibbar Ansaru, mabiya Mahadi da suka ci Kartum a 1885. Asalinta rigar gudun duniya ce irin ta sufaye, duk inda ya yage a yi masa maho da abin da aka samu. Zuwa zamanin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, sai mahon ya koma ado: a yanka ƙyalle shuɗi ko ja mai kusurwa huɗu, a jera shi daidai wa daida gaba da baya a kan farar auduga, a bi bakinsa da ɗinki mai tsabta.

Da na girma na shiga bin hotunan masu zanen tufafi a waya, sai na tarar da irin wannan tunanin a Paris. Martin Margiela, ɗan Beljiyam, ya ɗinka suwaita da tsofaffin safar soja a 1991, ya bar dudduge ya zauna a inda jikin mutum ke lanƙwasa. Rei Kawakubo, 'yar Japan, ta shiga Paris a 1981 da baƙaƙen kaya, wasu da huji, wasu gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo, mutane suka rasa inda za su ajiye ta. Wanda ya fi shiga raina shi ne Lamine Kouyaté, haifaffen Bamako, mai kamfanin tufafi na Xuly.Bët. Daga kasuwar gwanjo yake ɗebo kaya ya sake su, kuma da jan zare yake ɗinkin ta waje, kowa ya ga inda aka haɗa. Na nuna wa Goggo hotunan. Ta kawo wayar kusa da ido, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Yo 'yar nan, ai da tsohuwar zuma ake magani. Ɗauko jallabiyar Babanki da ya daina sawa mu gani."

Babban abin da na koya tun daga wannan jallabiyar shi ne, tsohon yadi ba a zuwar masa da zane a hannu. Idan sabon yadi ne, kin zana rigar a takarda, kin sayo yadi huɗu ko biyar, kin shimfiɗa kin yanka yadda kike so. Tsohon kuwa shi zai nuna miki abin da ya rage masa. Jallabiyar namiji tana mutuwa ne a wurare sanannu: wuya, bakin hannu, bakin aljihu, mazauni, da daidai gwiwa inda ake durƙusawa a salla. Gefuna da ƙasan baya sau da yawa suna nan garau. Nakan ɗaga kowane ƙyalle ta fuskar taga. Inda haske ya fi ratsawa, zaren ya sirance ko da ido bai ga yaga ba, sai in kewaye wurin da alli. In ja shi a hankali ta tsaye da ta kwance. Idan na ji yana ƙara a hannuna, ya ruɓe. Abin da zai saura bayan wannan tankaɗe ba murabba'i ba ne. Dogayen tsiri ne, da masu kusurwa uku, da layin maɓallai da ba abin da ya same shi, da aljihun gefe da ke nan cif.

Daga nan ne baƙon fasalin ke fitowa, ba daga son a ce na yi abin mamaki ba. Akwai wata doguwar rigar sama da na haɗa da jallabiya uku. Ƙyallen gaba na dama ya fi na hagu tsawo, kuma rage shi asara ce, sai na bar shi ya haye kan na hagun. Layin maɓallan da a da yake tsakiyar ƙirji ya koma ya gangaro a karkace daga kafaɗa zuwa ƙugu. Aljihun da aka yi wa namiji, mai zurfin da waya da makulli za su ɓace a ciki, na bar shi yadda yake, don mu mata an daɗe ana hana mu aljihu irin wannan. Wadda ta saya ta ce ba ta taɓa ganin yanka irinsa ba. Ni kuwa na san tsofaffin jallabiyun ne suka yanke rabin hukuncin.

Kafin almakashi akwai wanki. Komai sai na wanke shi na busar na goge, saboda tsabta, kuma saboda kowane yadi da yadda yake tsukewa. Idan aka haɗa wanda ya gama tsukewa da wanda bai fara ba, wankin farko zai murɗe rigar. Sannan in tsinko zare kaɗan in kai wa ashana. Auduga tana ci da wuta, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Poliyesta narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Yawancin jallabiyun kasuwa gauraye ne, kuma sanin haka yana da amfani wajen rini. Shuni yana kama auduga, ba ya kama poliyesta. Don haka tukunya ɗaya za ta ba ki shuɗi iri-iri: tsantsar auduga ta fito da duhu, gaurayen ya fito fari-fari, tsohon ɗinkin kuma, da yake zarensa na roba ne, ya tsaya fari tas yana bin jikin rigar. Wannan farin layin ba na ɓoye shi. Shi ne ke nuna inda telan farko ya bi.

Baƙar abaya ita ce ta fi wuyar sha'ani. A ƙarƙashin ƙwan lantarki duk baƙi ɗaya ne. Fito da su rana, sai ki ga wannan yana ja-ja, wancan yana kore-kore, wani kuma ya tafi shuɗi. A saman bene nake jera su da hantsi. Haɗa baƙi biyu da suka kusa yin daidai amma ba su yi ba, shi ne abin da ke sa riga ta yi kama da ta wahala. Ko dai a raba su da siririn tsirin atamfa, ko a sa mai sheƙi kusa da marar sheƙi, yadda duk mai kallo zai san da gangan aka yi. Hirami kuma saƙarsa sako-sako ce, ba ya ɗaukar nauyi shi kaɗai, sai da shafi a bayansa.

Harami yana da nasa hukuncin. A 2024 alhazai sun haura miliyan 1.8, kuma kowane namiji da ƙyalle biyu a jikinsa, ban da masu Umara duk shekara. Da yawa sukan bar nasu a Mina ko a masauki. Hukumar kula da harkar tufafi ta Saudiyya, wadda aka kafa a 2020 ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu, ta fito da shiri a 2025 na tattara irin waɗannan a mayar da su zare a saƙa sabon harami. Na ji daɗin wannan ƙwarai, don yawan ya fi ƙarfin teloli. Sai dai nasu niƙa ne, nawa yanka da ɗinki ne, kuma wanda bai lalace ba gara a fara mora shi yadda yake kafin a kai shi ga inji. Yadin mai kama da tawul ne, bakinsa yana zubar da zare da zarar an yanka, dole a bi shi da keken ɗaure baki nan take. Yana da nauyi, yana da ɗumi, bai dace da gumin Jidda ba. Amma idan aka rina shi aka yi gajeriyar rigar sanyi, mutanen Ɗa'if da Abha da Riyad suna nemanta a hunturu. Ba na karɓar haramin da mai shi bai saki da kansa ba. A cikin dattawanmu akwai masu adana nasu da niyyar ya zama likkafaninsu, kuma wannan niyya ba ta almakashi ba ce.

Akwai abin da ba na yankawa ko nawa za a biya: duk ƙyallen da ke ɗauke da sunan Allah, ko aya, ko kalmar shahada. Kayan mamaci kuma sai idan iyalansa ne suka kawo. Wata baiwar Allah ta kawo mini hiraman mahaifinta biyu, ta ce a yi mata shafin abaya da su. Daga waje baƙa ce kamar ta kowa, sai ta ɗaga hannu ja da farin ke leƙowa.

Masu saye na farko 'yan mata ne, ɗalibai, waɗanda suka ga hoto a Instagram. Tun wajen 2018 abaya mai launi ta bazu a titunan Jidda, kuma da aka fara makon nunin tufafi na Riyad a 2023, ido ya ƙara sabawa da baƙon yanka. Iyayenmu ne suka fi jan ƙafa. Wata maƙwabciyarmu ta ɗaga riga ta juya ta, ta ce, "'Yata, da kuɗina zan sayi tsumman wani?" Na ce, "Hajiya, juya cikin ki duba ɗinkin." Ta juya, ta bi kowane haɗi da yatsa, ta ja da ƙarfi. Ba ta saya ba ranar, amma ta aiko mini da leshinta na aure da ya daɗe a akwati, aka yi wa jikarta riga. Mutanenmu ba tsufan yadi suke ƙi ba, ƙazanta da aikin ganganci suke ƙi. Kuma ban taɓa sayar da riga ban faɗi asalinta ba. Wannan amana ce.

Maganar kuɗi takan zo da gardama. Mai saye za ta ce ai yadin kyauta ne ko na riyal kaɗan. Gaskiya ne, amma farke jallabiya ɗaya ba tare da an yaga ta ba yana iya cin lokacin da ya fi na ɗinka sabuwa, ga wanki, ga rini, ga zaman jera ƙyallaye a ƙasa ana juya su har su yarda da juna. Kuma ba a maimaita riga. Idan wata ta ce a yi mata irin ta ƙawarta sak, ba zai yiwu ba, don waɗancan jallabiyun sun ƙare. Aikin hannu nake sa wa farashi, kuma na ga wadda aka yi wa bayani ba ta cika sake neman ragi ba.

Abin da ke damuna a wannan harka shi ne kayan da ake yi don hoto kawai. Za ki ga an lilliƙa ƙyallaye da gam, an bar baki a sake yana zuba, an ɗauki hoto mai kyau, wanki ɗaya rigar ta watse ta koma bola. To me aka ceto ke nan? Barin baki a buɗe ado ne da nake so, amma sai an bi bayansa da ɗinkin da zai tsayar da zubar. Kafin riga ta bar ɗakina nakan sa ta da kaina: in ɗaga hannu kamar zan yi kabbara, in yi ruku'u da sujada in ga ko ta suturta, in zauna in miƙe, sannan ta sake shiga wanki. Fasali ya saɓa wa ido yadda ya ga dama, wannan ban da matsala da shi, muddin ɗinkin ya fi na sabon yadi ƙarfi, tunda yadin ya riga ya gaji.

Ƙananan yanke-yanken da suka fi ƙarfin allura ina tara su a buhu, na auduga daban, na roba daban. Na auduga ana yin tsumman goge-goge da su, na robar kuma suna shiga cikin matashi. Yanzu akwai 'yan mata biyu na maƙwabta da ke zuwa bayan la'asar, kuma ban bar su sun hau keke ba tukuna. Kowace na ba ta tsohuwar jallabiya da reza, ta farke ta haɗi bayan haɗi, ta jera ƙyallayen a ƙasa, ta gaya mini wanne telan ya fara ɗinkawa, wanne ya bari ƙarshe. Bayan ƙaramar salla, lokacin da gidaje ke fitar da tsofaffin kaya don sababbi sun shigo, zan tafi da su Haraj su zaɓo nasu da kansu.