Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Gyaɗar Cikin Ƙwarya

Assalamu alaikum. Makon jiya na tsaya a inda na sauka Ingila a 1999 da jaka ɗaya da kwalbar yajin da Inna ta ɗaure min a leda uku, kuma na yi alkawarin yau zan kawo labarin shekarata ta farko a lab, wato ɗakin bincike. To a yi min haƙuri, tun ranar Talata Yaya Babba ke ta faɗo min a rai, duk abin da na rubuta sai in ga shi ne a ciki, don haka bari in bi inda zuciyar ta ja ni.

Kun dai san sana'ar gidanmu. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa Inna take yi, da su aka saya min littafi tun daga firamare har na shiga Zariya. In an kawo buhu daga ƙauye sai a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa da faifansa muna tsinta. Jajayen nan masu ƙiba su ne na kasuwa. Waɗanda suka motse, ko suka yi baƙi, ko ka ɓara ka ga wani abu kore-kore kamar gari a ciki, su sai a ware su cikin wata tsohuwar ƙwarya da aka ɗinke bakinta da zare. Inna tana yi tana faɗa, "Ku tsince da kyau, wake ɗaya ke ɓata gari, ni ba zan ci amanar mai saye ba." Kuma wallahi ba ta taɓa ci ba. Amma abin cikin ƙwaryar nan ba zubarwa ake ba, wa zai zubar da abinci a gidan da ake ɗora tukunyar mutum goma sha huɗu? Shi ake dakawa a zuba a miyarmu, shi ake dama mana kunu da shi, shi Yaya Babba ke cika aljihu da shi in zai fita gareji da sassafe. Har ɗacin mun saba da shi.

A 1994 ya kwanta, ina ajin ƙarshe. Mutumin da ke ɗaga giyabos shi kaɗai ya koma ƙashi da fata, ciki ya kumbura yana sheƙi, ido ya yi launin ɗorawa. Gwaggo ta Fagge ta ce jifa ne, ta ma kama sunan abokin aikinsa na gareji, bawan Allahn da har yau ba ya iya bi ta layinmu. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an jiƙa sassaƙe kala-kala, sai da wata biyar suka wuce aka kai shi asibiti. Likita ya danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama, ya kama hannuna ya ɗora a wurin ya ce ji nan, sai na ji abu tauri kamar dutsen niƙa. Ya ce ciwon dajin hanta ne, ku mayar da shi gida a ci gaba da addu'a. Kwana goma sha tara ya ƙara. Shekararsa 33, ya bar Anti da yara uku.

Ranar sadakar bakwai, gaban mata cike da ɗaki, Gwaggo ta dube ni ta ce, "To ke ta jami'a, me karatun naki ya tsinana masa?" Ban ce komai ba. Shekara talatin ke nan ina ba ta amsa a zuciyata.

To mu dawo Ingila. Sati na biyu malamin da ke duba aikina ya aje min takardu biyu a tebur, duka na 1991 daga mujallar Nature, ya ce in karanta kafin Litinin. Ɗaya an yi aikin kan masu ciwon dajin hanta a Qidong ta ƙasar Sin, ɗaya kan marasa lafiya daga kudancin Afirka. Abin da suka gano ya yi kama da juna har abin tsoro: a cikin ƙwayar gadon nan p53, wadda aikinta shi ne ta tsayar da ƙwayar halitta in DNA ɗinta, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado cikin haruffa, ya lalace, ko a gyara ko ta mutu, wuri ɗaya tak ake yawan samun ɓarnar, gurbi na 249, harafin G ya koma T. Kuma wuraren nan duka biyu abu ɗaya ya haɗa su, mutane na cin masara da gyaɗa masu fumfuna, ga kuma ciwon hanta nau'in B ya yi yawa. Fumfunar sunanta Aspergillus flavus, dafin da take fitarwa shi ne aflatoksin. Turawa ma ba su san da shi ba sai a 1960 da talotalo sama da dubu ɗari suka mutu a Ingila bayan an ba su abinci mai garin gyaɗar da aka kawo daga Brazil. Na kai inda aka bayyana kalar fumfunar, kore mai ratsin ɗorawa, sai na rufe takardar na tashi na yi alwala, don hannuna rawa yake yi.

Ga yadda abin yake, a taƙaice, don ƴan uwa da ke tambaya wai me nake yi ne takamaimai. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da zaren DNA da in aka miƙe shi zai kai kusan mita biyu, kuma kullum cikin lalacewa yake, masanin kimiyya Tomas Lindahl ya nuna cewa ko ba wani dafi haruffa dubbai ne ke ɓallewa daga zaren a kowace ƙwaya kowace rana. Abin da ya sa muke raye shi ne Allah ya sa mana masu gyara a ciki. Shi aflatoksin in ya shiga hanta, ita hantar garin ƙoƙarin narkar da shi sai ta mayar da shi wani abu mai manne wa harafin G. Masu gyara su zo su ji wurin ya yi tudu, su yanka gaba su yanka baya, su cire guntu mai haruffa kusan talatin, su kwafi na ɗaya ɓangaren, don zaren ɓangare biyu ne a haɗe, su cike gurbin su ɗinke. Tsinta ce dai irin ta Inna. Matsalar ita ce in dafin na shigowa kullum, ga ciwon hanta na ta kashe ƙwayoyi yana tilasta wa sauran su yi ta rabuwa da gaggawa, to wata rana za a kwafi zaren kafin a tsince shi, ɓarnar ta zauna daram. Wake ɗaya.

Aikina na digirin shi ne auna saurin wannan gyaran. In shuka ƙwayoyin hanta a ƴan faranti, in ɗiga musu dafin, in kwashe wasu nan take, wasu bayan awa 4, awa 8, awa 24, awa 48, in ciro DNA in ga nawa ya rage a manne. Su ba ruwansu da dare ko Lahadi, sau nawa na yi sallar asuba a lungun da ke bayan firiza da ɗankwali a shimfiɗe. Amma abin da ba na mantawa shi ne ranar farko da aka ba ni dafin. Yana cikin wata ƴar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba, a kabad mai makulli, sai ka sa hannu a rijista, safar hannu biyu, gilashin ido, ba a buɗewa sai cikin akwatin da ke zuƙe iska, in ka gama a wanke komai da bilic. Matar da ke koya min ta yi ta jaddada min haɗarinsa, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon ta sa shi a rukunin farko na abubuwan da tabbas suna jawo ciwon daji. Ina tsaye ina gyaɗa kai ina ganin Yaya Babba yana watsa gyaɗar ƙwarya a baki yana dariya yana cewa Inna a ƙara.

Maganar yadda aka mayar da sunana na uku a takardar da na yi shekara biyu da rabi ina kwana a kanta, wannan kashi guda zan ware mata, ban yafe ba tukuna.

Da na dawo da digirin, dangi suka cika gida, Gwaggo ta sa aka kawo mata jikanta mai zazzaɓi ta ce in duba shi. Na ce Gwaggo ni ba irin wannan likitan ba ce, bincike nake yi. Ta tafa hannu ta ce, "Au, dokta ba allura!" Sunan ya bi ni, har yaran da aka haifa bayan nan da shi suka san ni. A watan Oktoban 2015 da aka ba Lindahl da Paul Modrich da Aziz Sancar kyautar Nobel kan gyaran DNA, Gwaggo ce ta fara faɗo min a rai, alhali lokacin shekararta uku a ƙasa. Shi Sancar ɗan wani ƙaramin gari ne, Savur, a kudu maso gabashin Turkiyya, iyayensa ba su yi boko ba, na bakwai cikin ƴaƴa takwas, kuma likita ne mai allurar, ya yi aikin asibiti a yankinsu kafin ya aje ya tafi Amurka bincike, shi ya warware yadda ake yanka gaba da bayan nan da na faɗa. Na so a ce tana raye in karanta mata, ba don gori ba, don ta san abin ba wasa ba ne. Allah ya jiƙanta, ta riƙe mu lokacin da Baba ya rasu, wannan ba zan ɓoye ba. Amma maganar ta yi min ciwo, kuma ta fi yi min ciwo ranar da na dawo hutun babbar sallah na tarar firizar da na tara jinin marasa lafiya 140 na shekara biyu ta narke, an ɗauke wuta kwana huɗu, wanda aka ba kuɗin dizal bai saya ba. Na zauna a ƙasan lab ɗin, wari ya cika ɗaki, ba abin da nake ji sai muryarta, me karatun naki ya tsinana masa.

Inna kuwa shekara bakwai ina riƙe da abin da na sani ban iya faɗa mata ba. Ta yaya? Matar da ta hana kanta mai kyau don kada ta cuci baƙo. Sai a 2006 da na zo hutu na tarar da su a tabarma, ƴaƴan Yaya Babba ne yanzu ke tsintar, ƙwaryar nan tana nan a gefe. Na zauna na karɓi faifai, can na ce Inna ki sayar min da na cikin ƙwaryar nan. Ta ce me za ki yi da shi? Na ce ƙonawa zan yi. Ta ce almubazzaranci, ko awaki a ba. Na ce awakin ma a'a, yana bi ta nono. Ta ce ai soyawa muke yi. Na ce wuta ba ta kashe shi Inna, hanta yake ci a hankali, shekara da shekaru, musamman ga mai ciwon hanta a jini. Ban ambaci sunan kowa ba.

Ta daɗe tana juya gyaɗa ɗaya a tafin hannunta, ba ta dube ni ba. Yaran suka yi tsit. Sannan ta ce, "Waɗannan fa, akwai abin da za a yi musu?" Na ce akwai, a gwada jininsu, wanda ba shi da ciwon a yi masa rigakafi, don sai 2004 aka sa allurar cikin rigakafin jarirai a Najeriya, su duk an haife su kafin nan. Ta ce gobe in Allah ya kai mu. Washegari mutum goma sha ɗaya muka cika motar haya har da Anti, aka samu biyu da ciwon, suna zuwa asibiti ana duba su har yanzu, sauran aka fara musu allura. Da muka dawo na ga toka a bayan murhu, ƙwaryar kuma an wanke ta an kife a kan katanga, har Inna ta rasu ban sake ganin an zuba komai a cikinta ba, kuma ba ta taɓa tayar min da maganar ba.

Yanzu ƙwaryar tana ofishina a saman kabad, da zaren ɗinkin da komai. Mako mai zuwa in sha Allahu zan koma kan maganar takardar nan da sunana.