Asabar a Boscastle: wuƙa mai baƙar ƙota

Yau na je gidan tarihin maita na Boscastle, wani ƙauyen bakin teku a Cornwall, kudu maso yammacin Ingila. Abokiyar aikina ce ta matsa mini, ita mabiyar Wicca ce, wani addinin zamani da mabiyansa ke kiran kansu mayu. Sai da na yi addu'a a bakin ƙofa kafin na sa ƙafa, don gabana faɗuwa yake yi. Cecil Williamson ne ya fara kafa gidan a tsibirin Man a 1951, shekarar da aka soke dokar maita ta 1735, ya dawo da shi nan a 1960.

Na daɗe tsaye gaban wata wuƙa mai baƙar ƙota. Na ce mata, "Wannan ta yanka ce ko?" Ta girgiza kai. Ta ce sunan wuƙar athame, ba a yanka komai da ita, nuni kawai ake yi da ita a cikin iska a zana da'ira kafin ibadarsu. In za su yanki ganye, mai farar ƙota suke ɗauka. Baƙin madubi kuma, a cewarta, don ya hana mutum kallon fuskarsa ne, hankali ya koma ciki. Wani mai ƙaho da na gani a wurin na ɗauka Shaiɗan ne, su a wurinsu ubangijin daji da farauta ne, yana mutuwa da shigowar hunturu, daga baya a sake haifarsa. Ƙoƙon kai da baƙin kyandir na daren Samhain ne, 31 ga Oktoba, lokacin da suke tuna mamatansu. Ta ce bana hoton mahaifiyarta za ta ajiye. Muryarta ta yi rawa, ni ma na ji wani iri.

Aƙidar nan ba tawa ba ce, na kuma faɗa mata ƙarara. Amma na gane baƙi a wurinsu dare ne, da ƙasar da iri ke kwana cikinta kafin ya tsiro.

Inda zuciyata ta karye shi ne sashen waɗanda aka azabtar bisa zargin maita, yawancinsu mata talakawa. Nan take na tuna tsohuwar unguwarmu da aka ce ta kama kurwar yaro, aka tilasta mata ta tsallake shi. Muna yara muka bi ta da ihu. Har yau ina ganin yadda take riƙe bakin zanenta.

Na yi magariba a gefen mota, abokiyar aikina ta tsaya tana riƙe mini lema.