Zanen fuska da gawayi, aikin da muke yi a shagonmu a Kano

Fuskar baƙin mutum ta fi kowace fuska daɗin zanawa da gawayi, kuma ita ce ke saurin tona asirin wanda hannunsa bai nuna ba. Fatarmu tana kama haske a wurare sanannu, goshi, karan hanci, saman kumatu da leɓen ƙasa, in ka bi ka cike fuskar da baƙi wai don mutumin baƙi ne to ka kashe hoton. Shi ya sa rabin aikina da kilina nake yinsa. Zan shafa garin gawayi da auduga ko burushi mai laushi har takardar ta yi duhu daidai, sannan in ɗauko kilinar nan da ake murzawa kamar cingam in fito mata da tsini, in riƙa ɗauke hasken kaɗan-kaɗan. Furfurar gemu ma haka ake fitar da ita, sili ɗaya bayan ɗaya, ba farin fenti ake sawa ba.

Gawayin kansa iri-iri ne. Akwai mai laushi na reshen itace wanda ake shigo da shi, shi nake fara shata fuska da shi saboda yana goguwa ba gardama. Akwai wanda aka niƙa aka matse shi da danƙo, shi ne baƙi wuluk, na ƙwayar ido da ramin hanci da ƙarƙashin rawani, amma in ya zauna ya zauna. Sai fensirin gawayi, ni na kamfanonin General's da Faber-Castell na fi yarda da su, na gashin ido da gira. Fensirin makaranta kuwa ƙyalli yake yi in ka danna shi, kuma gawayi ba ya hawa kansa da kyau. Takarda ma dole ta zama mai kauri mai ɗan kaushi irin ta kamfanin Canson, mai santsi ba ta riƙe gari.

Ni da gawayin murhu na fara, a bangon soro, ina shan faɗa. Daga baya aka kai ni wurin wani dattijo mai rubuta allunan shaguna a wajen Fagge, Allah ya jiƙansa, shi ya fara nuna min awo: ido a tsakiyar kai yake, ba can sama ba inda yara ke kai shi, kuma tsakanin ido da ido akwai faɗin ido guda. Sai dai yakan ce min awon littafi ɗan jagora ne kawai, kowa da hancin da Allah ya ba shi, ka auna mutumin da ke gabanka. Ya daɗe yana sa ni zanen ido kaɗai kafin ya yarda in haɗa fuska, ina jin haushi a lokacin, yanzu kuwa kullum sai na yi masa addu'a. Domin kamanni a ido da gefen baki yake. Ka kauce da ɗan kaɗan a nan, sai 'yar mamaci ta kalli hoton ta ce yayi kyau amma ba Baba ba ne.

Aikin da na fi ji da shi shi ne na tsofaffi. Tamojin goshi, tsagar gado a kumatu ko bille, kwalli a ido, zaren hula zanna bukar, naɗin rawani da inuwar da yake jefawa a fuska, waɗannan ne nake zama a kansu ba na gaggawa. Amare ma muna yi sosai, musamman kyautar biki, da ɗaurin ɗankwali da sarƙa da komai.

To ga abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Wasu sun ɓullo yanzu, za su ɗauki hoto a waya su mayar da shi baƙi da fari, su buga a firinta, su ɗan goga gawayi a gefe su sa a firem su ce zanen hannu ne. Kwastoma kuma sai ya zo min yana cewa ai wane cikin awa biyu yake gamawa kuma a rabin kuɗinka. Malam, ka karkata hoton a hasken rana ka duba, bugun inji lebur yake, gawayi kuwa za ka ga garinsa kwance a ramukan takarda, wani wuri da kauri wani wuri shara-shara. Wallahi ba tayin ne ke min ciwo ba, ciniki ai halal ne, in bai yi ba in ce albarka. Abin da ke ciwo shi ne a haɗa aikin da na ƙare idona a kai da na injin bugawa. A 2019 Eli Waduba na Kaduna ya zana ɗan wasan barkwancin nan na Amurka Kevin Hart, shi Kevin Hart ɗin da kansa ya gani a Twitter ya nemi ya saya. Aikin hannu ne ya kai shi nan, kuma a nan Arewa aka yi shi.

In an gama ina fesa maganin da ke kama gawayi kada ya zube, na ainihi, ba feshin gashi ba da wasu ke amfani da shi wanda ke sa takarda ta yi rawaya daga baya. Sannan firem da gilashi dole ne, ƙurar hunturun Kano ba ta barin komai, damina kuma ga danshi, kuma ina barin 'yar tazara kada gilashin ya taɓa zanen.

Mai son aiki, don Allah a turo hoto mai kyau wanda haske ya bugi fuskar ta gefe ɗaya, ba wanda aka yi ta turawa a WhatsApp har ya dushe ba, kuma ba wanda aka sa wa filta ba. In tsohon hoton kati ne a kawo shi shago in gani da idona. Hajiyoyi masu cewa a ɗan ƙara musu haske, ku yi haƙuri, yadda kuke haka zan zana ku kuma za ku ga kyan abin. Ana ba da kafin alƙalami kafin in fara, aikin biki kuma a kawo da wuri.