Kabet ɗin tangaran a gidan da na kama haya a Pécs

Na sauka a Pécs, a kudancin Hangari, farkon watan Satumba, da akwati biyu da ƙullin kuka da daddawa da Umma ta cusa mini. Karatun haɗa magunguna ne ya kawo ni. Ɗakin da na samu a gidan wata tsohuwa yake, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna aiki a Jamus. Ba ta jin Turanci, ni kuma ban iya komai a yarensu ba sai gaisuwa. Ta dafa ƙirjinta ta ce in riƙa kiranta néni, kamar dai mu ce goggo.

Watannin farko sun yi mini nauyi. Ba ka jin kiran salla, maƙwabci ba ya leƙo ka, kuma da Nuwamba ta shigo ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne kabet ɗin gilashi da ke falonta. Farantai a jingine, kofunan shayi a jere, babbar tasar miya mai murfi a tsakiya, duk tangaran, kuma ba a cin abinci a cikinsu. Ina gani na tuna ɗakin Umma a Kano, da jerenta na samira da tangaran da ba a saukewa sai za a goge su gab da Salla. Na nuna wa néni hoton a waya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗauko mukulli ta buɗe kabet ɗin, ta kifa faranti ɗaya ta nuna mini tambarin da ke gindinsa: Herend. Kayan aurenta ne, daga hannun mahaifiyarta.

Da taimakon waya, daga baya kuma da ɗan yaren da na tsinta, na fahimci labarin. Herend ƙaramin gari ne kusa da Veszprém, an fara sana'ar a can a 1826. A babban baje kolin Landan na 1851, Sarauniya Victoria ta ga wani zane na furanni da malam-buɗe-littafi ta sa aka yi mata saiti, shi ya sa har yau sunanta ake kiran zanen da shi. Irinsa ne a kabet ɗin néni. Da hannu ake zana kowane, da siririn buroshi. Ta ajiye mini kofi biyu gefe da gefe don in ga fukafukan ba su zo daidai da juna ba.

Amma alfaharinta na gaske Zsolnay ne, domin na garinsu ne. An kafa masana'antar a Pécs a 1853, Vilmos Zsolnay ya ɗaukaka ta har ta ci lambar zinariya a baje kolin Paris na 1878. Néni tana faɗin shekarar nan kamar jiya aka yi. A 1893 suka fito da wani shafe mai suna eosin, kore mai walƙiyar ƙarfe da ke sauya launi gwargwadon inda haske ya bugo. Kullum ina wuce maɓuɓɓugar ruwa mai kawunan shanu a dandalin Széchenyi, ashe da shi aka yi su. Ni dai ya fi burge ni a kan furannin Herend.

Wata rana na zaro naira ashirin daga jakata na nuna mata Ladi Kwali tana ginin tukunya. Na ce mata mu ma muna da gwanarmu. Ta roƙe ni kuɗin, ta jingina shi a cikin kabet.

Ranar ƙaramar Salla na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Ina neman robar da zan zuba, sai ga néni da tasar miyar nan mai murfi, riƙe da hannu biyu. Muka ci a farantan Victoria, ita da cokali, ni da hannu. Da muka gama ta hana ni kai su injin wanki saboda zinariyar bakinsu. Ita tana wankewa da ruwan ɗumi, ni ina gogewa, muka mayar da kowanne mazauninsa.