Liyarin 1780 da sauran tarkunan gwanjon intanet

Kusan duk liyarin da ka taɓa riƙewa, wato tsohon kuɗin azurfa mai hoton sarauniyar nan ta Ostiriya, Mariya Tareza, 1780 za ka gani a bayansa. A shekarar ta rasu, kuma tun daga nan aka ci gaba da buga shi ba a taɓa lambar ba, domin fatake a ƙasashen Larabawa da Habasha, har nan ƙasar Hausa da Borno, ba sa karɓar wanda ya saɓa da wanda idonsu ya saba da shi. An buga shi a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Landan da Faris da Rum da Bombai, ɗaruruwan miliyoyi, kuma har yau ma'aikatar buga kuɗi ta Ostiriya tana fitar da shi sabo fil da wannan 1780 ɗin. To in ka ga an sa shi a gwanjon intanet ana cewa ya haura shekara 240 a duniya, ka sani mai yiwuwa ka girme shi. Galibinsu darajarsu ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsu da ɗan abin da ba a rasa ba.

Na daɗe ina tara tsoffin kuɗi, musamman na zamanin Turawa: anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi, sule. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda nake ganin 'yan'uwa suna zuba kuɗin guminsu a kan labari. Mai sayarwa ma ba lallai ya yi ƙarya ba. Ya rubuta abin da ke jikin kuɗin, ya ƙara da kalmar "ba a samunsa", sauran aikin kuma zumuɗin mai saye ne ke ƙarasa shi.

Ga misalin kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas. Mutumin bai cika shekara a kan karaga ba ya yi murabus, kuma a Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa don hada-hada ba. Wannan gaskiya ne, shi ya sa masu talla suke kafa hujja da shi. Abin da ba sa faɗa shi ne, a Afirka ta Yamma an buga kwabo da ɗari da anini da sunansa miliyoyi, tunda kuɗi ne masu huji a tsakiya, ba a buƙatar jiran hoton sarki. Ina da su, ina son su, amma ba kayan tsada ba ne. Kafin ka taya, shiga wajen da ake nuna waɗanda aka riga aka sayar, ka ga nawa aka biya a zahiri. Farashin da mutum ya rataya yana jira, wannan burinsa ne kawai.

Sai maganar jabu, kuma a nan nake so a tsaya. Liyari na gaske giram 28 ne da ɗigo kaɗan, 28.07, faɗinsa kusan milimita 40, azurfarsa kashi 833 cikin 1000. Fam ɗin zinariya na Ingila giram 7.98 ne. Waɗannan lambobi ba sa canzawa don wani ya iya zance. Ka roƙi mai kaya ya ɗora kuɗin a kan ƙaramin sikeli ya ɗauki hoto, ya kuma ɗauko maka gefensa. Gefen liyari yana da rubutu da ado, kuma wanda aka zuba a mazubi sau da yawa za ka ga siririn layi ya zagaye shi inda ɓari biyu suka haɗu, haruffan sun yi dishi-dishi, fuskar da 'yan ƙananan ramuka. A gefen ne kuma ake gane liyarin da aka taɓa yi wa kunne. Iyayenmu mata sun yi ado da shi, maƙeran fari suka liƙa masa marataya, daga baya wani ya cire ya goge wurin. Irin wannan darajarsa ta faɗi a wajen masu tarawa, kuma hoton gaba da baya kaɗai ba zai nuna tabon ba. Wanda ya ƙi turo hoton gefe, ni a nan cinikinmu yake ƙarewa, don ba na cinikin biri a sama.

Maganaɗisu yana taimakawa, amma da iyaka. In ya kama kuɗin da aka ce azurfa ne, magana ta ƙare. In bai kama ba, ba shaida ba ce, tagulla ma ba ya kama ta.

Masu tsada sosai akan kai su kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC a Amurka, su duba, su ba su maki daga 1 zuwa 70, su rufe su cikin roba mai lamba. Ka kwafi lambar ka shigar a shafin kamfanin da kanka, in akwai hoto ka gwada shi da na tallar, tabo da tabo. Har robar ma ana yin jabunta.

Wani abin kuma shi ne zafin gwanjon kansa. Akwai masu sa abokansu su riƙa tayawa don farashi ya hau, ba da niyyar saye ba. Wannan shi ne najashin da Manzon Allah (SAW) ya hana, kuma intanet ta sauƙaƙa shi, tunda mutum ɗaya zai iya buɗe asusu uku. In ka lura da wani mai tayi da ba ya taya kayan kowa sai na mutum ɗaya, yana ƙara kaɗan-kaɗan yana janyewa, ka ja da baya. Ni nakan rubuta iyakata a takarda tun kafin a fara, in haɗa da kuɗin aikowa da na kwastan da ladan gidan gwanjo, wanda a manyan gidaje yakan kai kashi 20 cikin 100 a kan abin da ka taya. In an wuce abin da na rubuta, Allah ya sa albarka, wani zai fito.

Wajen biya ne aka fi yanka mutane. Za a ce maka, "Alhaji, mu koma WhatsApp, zan rage maka, ka turo kai tsaye." Ranar da ka fita daga dandalin gwanjon, ka fita daga kariyarsa. Haka tura kuɗi ta PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, a matsayin kyauta ga dangi ko aboki: ba su ɗauke shi ciniki ba, ba kuma za su bi maka haƙƙi ba. Ka biya a cikin dandalin, ka nemi lambar bibiyar kaya.

In ƙunshin ya iso, kunna kyamarar waya tun kafin ka yage shi, ka auna kuɗin a gaban kyamarar. Kada ka wanke shi, kada ka goga masa toka ko lemun tsami don ya yi ƙyalli. Gogewa tana kashe darajarsa, kuma mai kaya zai ce ba haka ya aiko ba. In akwai matsala, a dandalin gwanjo na eBay akwai wa'adin shigar da ƙorafi bayan isowar kaya. Ka shigar a ranar. Mai kaya zai iya lallaɓa ka, ya ce ka yi haƙuri zai aiko da wani, mako ya bi mako har wa'adin ya cika. Ka amsa masa da mutunci, amma ƙorafinka ya zauna a buɗe har sai kuɗinka ya dawo asusunka.